Itatuwan da Ba Su da Lamba

An ce Auta, 'yar mai gonar bakin rafi, ta auri jami'in gona ne don mahaifinta ya ci tallafin gwamnati. A shagon tela na fara ji, na sake ji a layin asibiti, har wata ta ƙara gishiri wai da kwalliya ta tare shi tun ranar farko. Ni kuwa ba na karɓar amsa sai na ga yadda aka yi lissafin. Na zauna da uwarta, na leƙa ofishinsa, amaryar ma ta miƙo mini wayarta na karanta.

Shirin gwamnatin kansa ba laifi. Duk manomin da ya bar mita goma daga bakin ruwa bai nome ba, ya raya itatuwa a wurin, za a ba shi tallafi duk shekara. Sai dai itacen da ake ƙirgawa shi ne wanda aka karɓo daga ɗan kwangilar dashe, da lambar roba a wuyansa.

Ranar farkon babu wata kwalliya. Auta na tsugune tana rage rassan tohon da ya fito daga tsofaffin kututture, hannu duk ƙasa, sai ga saurayi da igiyar awo da fayil.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Itatuwa nawa kuka raya?"

"Sittin da huɗu."

Ya zaga ya dawo. "Bakwai na gani."

"To a kai ka asibitin ido."

"Masu lamba nake nufi."

Ta miƙe ta karkaɗe zane. "Malam, naku ɗari aka kawo mana, bakwai suka rayu, su ma kamar marayu. Waɗannan kuwa saiwarsu ta girme ni da kai, shekara uku ina gyaransu. Rafin nan ya tambaye su lamba ne kafin ya daina cin gonarmu?"

Ya rubuta bakwai, gonar ta faɗi, ba tallafi. Bayan la'asar saƙo ya shigo lambar da ke kan fom, wadda tata ce, don Baba bai yarda da waya ba.

"Na rubuta abin da doka ta ce, amma ke ce da gaskiya. Ki koya mini yadda ake zaɓen tohon da za a bari."

"Makarantata da tsada, Malam Igiya. Ka zo da wuƙarka."

Ya zo Asabar, ya zo ta gaba. Ta nuna masa yadda ake barin miƙaƙƙen toho biyu a cire sauran. Sau uku yana yanke wanda ya kamata a bari.

"Ina hankalinka yake ne?"

"Yana wurin malamar."

"Malamar ba ta bayar da maki don daɗin baki."

"Ba maki nake nema ba, Mai Gardama. Zama nake so in yi a ajin har tsufa."

Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana gyaran reshen da ba ya bukatar gyara.

Da maganar ta kai kunnen Baba, ya ture kofin ruwan da ke gabansa. "Mutumin da ya soke sunana da biro, shi zai zo neman 'yata? Kada in ƙara ganin babur ɗinsa."

Shi kuma ɗan kwangilar dashe dama ya daɗe da sa ido a kan Auta. Ya zo da mota da ladabi. "Baba, lamba ai roba ce, ina da buhu guda. Mu zama ɗaya kawai." Aka dubi ranar da Auta ta tafi gidan yayarta, aka ɗaura wa kowane itace lamba.

Malam Igiya ya zo duba na biyu, ya tarar da abin mamaki. Ya rubuto mata:

"Itacen da ya fi ni tsawo yana ɗauke da lambar bana. Ban zaci haka daga gare ki ba."

"Ni kake nufi na ɗaura?"



Washegari ta dawo, ta wuce gona kai tsaye da almakashi. Lamba hamsin da bakwai ta yanko, ta zuba a faranti, ta shiga falo inda Baba ke zaune da ɗan kwangila, ta durƙusa ta ajiye a tsakaninsu.

"Baba, ka gafarce ni. Kai ka hana ni sare toho lokacin da maƙwabta ke cewa ka bar gona ta koma daji. Yanzu sun yi inuwa, sai a rubuta cewa wannan ne ya kawo su? Shi za a yaba, a ƙara masa kwangila."

"Haba ƙanwata, ai taimako ne," in ji ɗan kwangila.

"Ka taimaki naka casa'in da uku da suka mutu."

Baba bai raka baƙon ƙofa ba.

Ga Malam Igiya kuwa ta tura: "Na cire su. Kai da ka zarge ni ba tare da tambaya ba, ka riƙe igiyarka."

"Na yi kuskure, Mai Gardama. Na auna ki da ido, alhali aikina ya hana ni haka. Ki yafe mini, ko a ƙarshen aji ne a bar ni in zauna."

Kwana tara ta bar shi yana jira. A cikinsu ya rubuta rahoto mai shafi shida yana neman a riƙa ƙirga tohon kututture, ya kuma roƙi shugabansa ya ɗauke shi daga shiyyar, don kada a ce ya yi son kai. Sannan ya je gaida Baba, a ƙasa, ba babur.

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, in na ba ka ita, nawa za ka rubuta mini?"

"Ba ni zan ƙara auna gonarka ba, Baba. Amma in da ni ne, biyar."

"Biyar? Da bakwai ne."

"Biyu sun mutu."

Inna na bayan labule, dariya ta ƙwace mata. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa.

"Kai da ita Allah ne ya haɗa ku, ba mai tanƙwara ɗaya. Je ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Inna ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku yi saiwa, ya raba ku da bakin mutane."

Rahoton yana nan a ofis, ba a amsa ba. Angon yana awo a wata shiyya mai nisan awa biyu. Gonar bakin rafi ba ta cikin shirin, kuma har yau Baba bai karɓi ko sisi ba.