Baƙo a Ɗakin Saba

Sha ɗayan dare ta gota, injiniya yana zaune shi kaɗai a ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin kamfani suke, yana lissafin na'urori nawa sabuwar manhajar kuɗin kamfanin za ta buƙata. Bara maigidansa ne ya yi wannan aikin, dattijon da ya koya masa sana'ar. Dattijon ya rubuta goma sha biyu, injiniya ya faki ido ya mayar takwas don ya burge manaja. Ranar biyan albashi komai ya tsaya cik. Aka sallami dattijon, injiniya kuwa ya ɓoye laifinsa. Da dattijon ya rasu, ko gaisuwa bai iya zuwa ba.

Can sai ƙarar fankokin na'urorin ta ragu, kamar an toshe masa kunne. A ƙarshen layin na'urorin wani mutum ya ba shi baya, yana shafa na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya shafa, fitilarta sai ta dushe.

"Malam, wa ya buɗe maka? Ƙofar nan sai da kati."

Mutumin bai juyo ba.

"Takwas ba za su ɗauka ba," in ji shi. Muryar daga cikin na'urorin take fitowa, dukkansu a tare.

Bakin injiniya ya suɓuce. "Gobe zan faɗa musu gaskiya."

Mutumin ya yi busasshen tari sau biyu, tarin da injiniya ya shekara tara yana ji daga teburin dattijon da ke kusa da nasa.

"Ɗana, ai ban tambaye ka ba."