Ranar da Hoto Ya Ɗauke a Kasuwar Isa

Muryarta ya fara ji kafin ya ga fuskarta. Jibrilla na tsugune a kan rufin wani gida a Sabon Birni, rana na dukan ƙeyarsa, yana juya dish a hankali. Haka aikin yake, na sama ba ya ganin hoto, sai an ajiye wani gaban talabijin yana faɗa masa ta taga. Ranar ƙanwar matar gidan aka ajiye.

"Ya zo! A'a, ya tahi. Kai malam, ina ka kai shi?"

Allah ya gani, hoton ya daidaita tun da wuri. Gogan naku ne ya riƙa karkata kwanon da gangan don a ƙara yi masa faɗa. Da ya sauko ya tarar da wata doguwa, tef ɗin awo rataye a wuyanta, ta miƙo masa ruwa a kofi tana cewa ya yi haƙuri da kaɗan, rijiyoyi sun ja baya. Sunanta Ruƙayyatu, tela ce, daga Tsamaye ta zo wajen Addarta. Bai bar gidan ba sai da ya lallaɓa Adda ta ba shi lamba.

Bayan la'asar ya tura saƙo: "Ni ne na kan rufi. In hoto ya ɓaci ki kira ni. In bai ɓaci ba ma ki kira."

Amsa ta zo: "Na-kan-rufi, hoto lahiya lau. Kai dai na ga alamar naka saitin ya goce."

Shi ke nan, suna ya bi shi. Shi kuma yana ce mata Sanyin Ido. Ya kan hau babur daga Isa ya je zance Tsamaye, su zauna a ƙofar gida yana zuba mata buri. Ya ce hoto tarau ɗin nan da ake kira HD shi ne gobe, duk wanda ya kalle shi sau ɗaya ba ya iya komawa tsohon hoto mai yayyafi. Ga sola ta wadatu, ga masu gidajen kallon ƙwallo, ga ma'aikata, ga fatake daga Nijar. Ita dai sai ta yi murmushi ta ce Allah ya kawo kasuwa.

To amma shekarar ba ta buri ba ce. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone, sama ta yi fari fat. Shagonsa na sayar da talabijin da dish a Isa kullum a cike, sai dai duk 'yan kallo ne. Manoma su tsaya suna duban ciyawar filin ƙwallo a talabijin, kore shar, har ana iya ƙirga ganyenta, wani ya yi ajiyar zuciya ya ce da ma a ba awakinsa filin nan yini guda. Su yaba, su kakkaɓe riga, su tafi.

Da kawunsa ya je neman izini wajen mahaifinta, Malam Labbo bai ɓoye ba. Ya ce ba shi da abin faɗa game da halin yaron, amma wa ke sayen hoto yana jin yunwa? Ba zai ba da ɗiyarsa ga sana'ar da sai an ƙoshi ake tunawa da ita ba. Ya ƙara da cewa in sama ta ci gaba a haka, zai kwashi iyalinsa su koma wajen ƙanensa a kudu, har da Ruƙayyatu.

Ana cikin haka Jibrilla ya ji labarin Alhassan mai hatsi, wanda fari ya yi wa rana, ya sauke buhun gero a gidan su Ruƙayyatu. Kishi ya rufe masa ido, ya yi kwanaki bai kira ba. Da abin ya ci shi ya rubuta: "Na ji an kawo gero. Allah shi sanya alheri."

Ta mayar masa: "Baba anka kawo ma geron, ba sadakina ba ne. In fushi za ka yi, yi da sama, ita ta hana ruwa. Ni ina nan inda ka bar ni, amma Baba ya hwara ɗaure kaya. Ina jin tsoro, Na-kan-rufi."

Ya karanta, kunya da tsoro suka haɗu suka kama shi.

Ranar kasuwar Isa, sai ga Malam Labbo a ƙofar shago. Ya kawo bijiminsa ya sayar, ya biyo don ya gaya wa yaron baki da baki ya haƙura. Jibrilla ya durƙusa ya gaishe shi, ya goge masa benci. Tsohon ya ce ya gama da baƙonsa tukuna.

Baƙon kuwa ba ƙarami ba ne. Wakili ne, mai gidan kallo a Kurawa, ya zo sayen babbar talabijin da dikoda da dish gaba ɗaya, cinikin da Jibrilla bai ga irinsa ba tun da fari ya kama. Abin nema ya samu, a gaban surukin da yake so ya gani da idonsa ana sayen hoto. Ya kunna, ƙwallo ta fito tarau, har gumin goshin 'yan wasa ana gani. Wakili na gyaɗa kai, hannunsa ya doshi aljihu.

Sai hoton ya tsage gida-gida, ya daskare, ya ɗauke ɗif.

Wakili da kansa ya miƙo masa mafita, ya ce ko dai waya ce ta saki? Da mai shago ya ce e, da an wuce wurin. Jibrilla ya dubi tsohon, ya dubi allon da ya yi baƙi.

"Ba waya ba ce, Alhaji. Aibinshi ke nan. In hadari mai nauyi ya shiga tsakanin dish da tauraron ɗan Adam, hoto ɗaukewa yakai, kuma wanga mai kyawun shi ka hwara ɗaukewa. Da damina za shi yi maka haka ana tsakiyar wasa. Gara ka sani tun yanzu."

Wakili ya zare hannu daga aljihu. Ya ce shi ba zai iya da 'yan kallo suna yi masa ihu ba, zai yi shawara. Ya saɓa babbar rigarsa ya fice. Jibrilla ya tsaya kansa a ƙasa, ya san ciniki ya tafi, kuma ga dukkan alamu ya tafi da Ruƙayyatu.

Malam Labbo ya gyara zama.

"Yaro, mi ka ce ke ɗauke shi?"

"Hadari, Baba."

Sai a lokacin shi kansa ya ji abin da ya faɗa. Ƙofar shagon yamma take kallo, ta nan ba abin da ake gani sai rana. Suka zagaya baya tare, inda dish ɗin ke fuskantar gabas. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin tun daga ƙasa, iska mai sanyi ta fara kaɗa rumfuna, 'yan kasuwa na ta kwashe kaya suna kabbara. Tsohon ya cire hularsa, ya bar ɗigon farko ya sauka a kansa, hawaye na bin gemunsa.

"Kayan da ruwa ka ɓatawa, Allah shi ɓata su kullum," in ji shi. Sannan ya juyo. "Na zo in ce ka bar min ɗiya. Ka turo kawunka."

Nan take Jibrilla ya rubuta: "Sanyin Ido, kwance kaya. Baba ya ce in turo."

Ta amsa: "Alhamdu lillahi. Ina tsakar gida ruwa na dukana, Inna na ta kirana, na ƙi shiga."

Daminar ta zo a makare, geron da aka samu bai taka kara ya karya ba, amma ba wanda ya bar gida. Kasuwar Jibrilla ma a hankali ta motsa, yau mutum ɗaya, jibi wani. Bayan kaka aka ɗaura aure a Tsamaye. A wajen ɗaurin wani dattijo ya matso ya tambayi Malam Labbo yadda aka yi ya bar mai hatsi ya ba mai hoto, a shekara irin wannan.

"Hatsi shekara ka kawo shi, ita ka ɗauke shi. Shi ko yaron ga, a gabana ya ƙi yin ƙarya da yunwa a cikinshi."

Aka shafa fatiha, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya sa kowace damina ta same su tare.