Firintar Tsohon Mai Hoto

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da mai gyaran agogo ya shigo gida rungume da wani ƙaton kwali. 'Yarsa Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, ta taso ta kama masa suka ɗora a kan teburin falo. Gwaggo, yayarsa da ta dawo gidan da zama tun rasuwar matarsa, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Wai wannan ce abar da ta hana mu sakat wata biyu?" in ji ta. "Na ɗauka mota za ka shigo mana da ita."

Wata biyun kuwa ya yi yana yawon neman firinta, na'urar buga hoto a takarda. Duk hotunan marigayiyar suna cikin tsohuwar wayarta, wayar kuma ta fara mutuwa da kanta, yana tsoron ranar da za ta ƙi tashi ta tafi masa da fuskar. Bai kuma yarda ya kai hotunan matarsa shago wasu ƙarti su tsaya suna kallo ba. An nuna masa mai aiki da garin tawada, aka ce sauri gare ta, amma takardun ofis ta iya, fuskar mutum sai ta fito kamar an shafa mata toka. An nuna masa mai launi huɗu, ya sa aka buga gwaji, ya maƙala gilashin aikinsa a ido ya duba, ya ce fatar ta yi ja. Mutumin da ya tsufa yana kallon haƙoran agogo ba a yi masa rufa-ido. Daga ƙarshe wani mai kayan gwanjo ya ja shi bayan shago ya nuna masa wata mai tankin tawada shida, ya ce ta wani tsohon mai ɗaukar hoto ce da ya rasu aka rushe shagonsa. Gwaji ɗaya aka yi a takarda mai sheƙi, ya ce a ɗaure masa ita.

Auta ta haɗa wayoyi, ta tura hoton farko. Takardar ta fito a hankali, ga uwarta a bakin ƙofa tana dariya, har ɗan tabon da ke haɓarta ya fito. Gwaggo ta goge ido da bakin mayafi ta koma kicin. Da aka fara kiran sallar magariba Auta ta zare wayar wuta daga bango ta shige ɗaki.

Yana dawowa daga alwala, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ji firintar tana jan takarda. Falon ya yi duhu-duhu, ga wayar wutar nan yashe a ƙasa. Ya tsaya kamar an dasa shi har takardar ta gama fitowa. Matarsa ce, zaune a kan kujerar da ke gabansa yanzu, sanye da wani zane da bai taɓa saya mata ba. A gefen ɗankwalinta furfura ta leƙo, alhali ta bar duniya babu farin gashi ko ɗaya a kanta. Idonta a kansa yake.

Ya kamata ya ɗaga murya ya kira yayarsa. Sai ya ninke hoton ya sa a aljihu.

A daidai lokacin dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwano. Na biyu ya biyo, sai na uku, a tsanake, kamar mai jifan ba ya sauri. Gwaggo ta fita da tocila tana zagin 'ya'yan maƙwabta, ta tarar babu kowa a lungun, ko kare babu. Duwatsun da ta tsinta a tsakar gida ɗumi gare su.

Haka aka shiga yi. Da rana gidan lafiya lau. Da zarar inuwa ta cinye tsakar gida, sai jifa ta fara, sai wata murya siririya ta taso daga wajen falo tana kiran "Baban Auta", yadda mutum ɗaya kaɗai ta taɓa kiransa. Gwaggo ta ce a fitar da abar nan daga gidan. Ya ce iska ce ke jijjiga kwano, ya ce kunnenta ne ya tsufa. Kullum kuwa yana laɓaɓawa ya ɗauke sabon hoto kafin wani ya gani: yau tana tsefe kai, gobe tana riƙe da kofinsa na shayi. Yakan kulle kansa a ɗaki ya daɗe yana kallo.

Auta ta daina cin abinci. Yarinyar da ba ta rabo da tsokanar Gwaggo ta koma ba ta cewa uffan. Ta bar zuwa makaranta, sai a same ta durƙushe gaban teburin, ta zuba wa firintar ido, tana shafa wuyan hannunta na hagu.

A rana ta bakwai, hoton da ya fito mutum biyu ne a ciki. Matar tana tsaye a bakin wata ƙofa mai duhu, ta riƙe wuyan hannun Auta, ita kuma Auta idonta a rufe. Bai gama gani ba ya ji ƙara daga tsakar gida, irin ƙarar da bai taɓa zaton maƙogwaron mutum zai iya fitarwa ba. Ya same ta a ƙasa ta sanƙare, haƙora a datse, shatin yatsu huɗu ya fito baƙi ƙirin a hannunta. Gwaggo ko takalmi ba ta tsaya sawa ba ta fita neman Malam.

Malam dattijo ne mai karantar da manya, ba ya da yawan magana, an kuma san shi da ruƙiyya. Ya shigo bayan an idar da salla, ya sa aka kwantar da yarinyar a tabarma aka lulluɓe ta, Gwaggo ta riƙe kanta. Ya nemi ruwa a kofi da garwashi a kasko. Sannan ya zauna ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa. Jifar ta tsaya cak. Shirun da ya biyo baya ya fi jifar ban tsoro.

Can sai bakin Auta ya buɗe, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me ya kawo ki gidan mutane?" in ji Malam.

"Kawo ni aka yi, a kwali. Shekara arba'in ina ɗakin duhun mai hoto, mai jar fitila, inda yake wanke hotuna, bai taɓa korata ba. Ya mutu, suka rushe mini wuri, na fake a abin da ya bari. Wannan ya ɗauko ni da hannunsa." Kan yarinyar ya juya a hankali wajen uban, idon a rufe. "Na ga abin da zuciyarsa ke so na ba shi. Ya karɓa, ya ɓoye. Wanda ya karɓi kyauta ai ya san da tukuici."

Gwaggo ta dubi ƙanenta. Ya sunkuyar da kai.

"Ba ki da haƙƙi a kan yarinyar nan," in ji Malam. "Za ki fita."

"To mu yi ciniki. A bar ni a gidan, a bar mini mazaunina a kan teburin. Yarinyar kuma na riƙa aronta jefi-jefi, ba kullum ba. Shi kuwa duk magariba zai ga matarsa, har ta tsufa a gabansa, har ranar da zai bi ta."

Malam ya juya ya dubi mai gidan. "Kai aka yi wa tayi. Muddin kana riƙe da kayanta, karatuna ba zai fitar da ita ba."

Garwashi na ƙara a kasko. Mai gyaran agogo yana tsaye, hannunsa a kan aljihu, bai motsa ba. Gwaggo ta kira shi da sunan da ba ta kira shi da shi ba tun suna yara, bai ji ba. Sai da aka ɗauki lokaci, lokaci mai tsawo, sannan ya zaro hotunan guda bakwai ya durƙusa gaban kaskon.

Muryar ta sauya nan take, ta koma mai taushi, wadda ya sani. "Baban Auta, ni za ka sa a wuta?"

"Da hannuna na sa matata a kabari," ya ce. "Kuma ita ko allura za a yi wa yarinyar nan sai ta kau da kai tana hawaye. Ke ba ita ba ce." Ya sake su a kan garwashin.

Auta ta gantsare, ihu ya cika gidan, wani wari mai kama da na maganin wankin hoto ya turnuƙe falon. Malam ya ɗaga murya da karatu yana yayyafa mata ruwa, bai sassauta ba sai da muryar ta koma roƙo.

"Zan fita! Amma ina zan je? Ba ni da kowa."

"Ƙasar Allah da faɗi. Ki nemi kangon da babu mutane. Ki yi alkawari da sunan wanda ya halicce ki ba za ki dawo ba, ki fita ta ɗan yatsan ƙafa, ki ture kofin nan mu shaida."

Ta yi alkawarin sau uku. Ƙafar Auta ta hagu ta girgiza, ta saki. Kofin da ke nesa da kowa ya kife, ruwa ya bi siminti. Sai yarinyar ta yi atishawa, ta fashe da kuka da muryarta ta gaskiya.

Washegari Malam ya sa aka ɗauki firintar aka kai bayan gari aka farfasa aka binne. Ba a sake jin jifa ba. Auta ta yi kwana uku tana barci, shatin hannunta yana dusashewa a hankali.

Ranar da ta iya zama, uban ya shigo ya zauna a bakin gadonta. Ya fara ba ta labarin abin da ya ɓoye, bai kai rabi ba ta tare shi.

"Na sani, Baba. A wani ɗaki nake mai jar fitila, ina ganinka duk lokacin da ka buɗe su. Na ji kuma sanda Malam ya tambaye ka." Ta juya ta kalli bango. "Ka daɗe ba ka amsa ba."

Hawaye ya bi gemunsa. Ta bar shi ya yi kukansa, sannan ta miƙo hannun nan na hagu ta kama nasa.