Kwalekwalen Maijidda

Wata Asabar ce Lukmanu ya fara ɗora ido a kanta. Tana tsaye cikin wani faffaɗan kwalekwale mai rumfar tampol a tsakiyar tafkin Jabi, tana zuba wa masu yawon shaƙatawa dafa-duka da soyayyen kifi daga manyan kuloli. Ita kuwa Maijidda ba ta ga komai ba sai wani dogo mai gilashi da ya miƙo hannu daga jirginsa zai karɓi robar fura, ya shagala da kallonta, robar ta suɓuce ta yi tsulum a ruwa.

"Yallaɓai, kifayen nan a ƙoshe suke fa," in ji ta.

Mutumin naku sai dariyar yaƙe.

Maijidda 'yar Modibbo ce, makiyayi a wata ruga can bayan Idu. Shekarun nan ne da kuɗi suka zauna a Abuja, kowa da sabuwar mota, Asabar da Lahadi a yi ta tururuwa zuwa tafki. Ta lura mutane na sauka daga jirgi da yunwa, sai ta sayar da karsanar da aka ba ta ranar sunanta, ta sa aka sassaƙa mata kwalekwale. Modibbo ya jima ba ya amsa gaisuwarta.

Sana'ar kuma a hannun direbobin jiragen tafkin take. Da safe Thaddeus, wani dattijon direba, yakan ja ta zuwa tsakiya ta saki dutsenta mai igiya ta tsaya cak. Ba ta bin kowa. Sai wanda direba ya karkato da shi ne zai ci abincinta.

Shi Lukmanu ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, yana da jiragen haya masu inji a tafkin, direbobi duk Oga suke ce masa. Tun daga ranar ya zama ba ya fashi. Saƙo kuwa kamar ruwan sama.

"Jiddata, ina ofis ana ta mitin, ni kuwa ƙamshin yajinki kawai nake ji. Ki ajiye min kan kifi."

Ta mayar masa: "Kan kifi na masu aiki ne, Yallaɓai. Ka yi wa gwamnati abin da ta ɗauke ka."

Amma ta ajiye ɗin. Wallahi ta so shi, so irin wanda ba ya ɓoyuwa, har Inna Hansatu, mahaifiyarta, ta gane tun kafin a faɗa mata.

Da ya je gaida Modibbo da maganar aure, su biyu suka keɓe a gindin bishiya, don yarinya ba ta zama a irin wannan zance. Ya fito fuska a sake.

"Baba ya amince, Jiddata."

"Haka kawai? Bai ce komai a kan ruwa ba?"

"Haka kawai," in ji shi.

To, daga nan kasuwa ta fara mutuwa. Jirage su taho kamar wurinta za su, sai su shatale su wuce, igiyar ruwansu kaɗai ke zuwa ta girgiza ta. Ta canja mai, ta ƙara nama, ta ɗaga hannu har kafaɗa ta yi tsami. Shiru. Da yamma ta koma da shinkafa ta rabar, nonon da ta karɓo wurin Inna ya tsinke a zubar. Takan kira Lukmanu tana kuka, shi kuma ya rarrashe ta da murya mai sanyi.

"Kada ki damu, zuciyata. Wataƙila Allah ne ke nufin ki huta. Ga aure na zuwa, me za ki nema ki rasa?"

Wata yamma Thaddeus yana jan ta zuwa gaɓa, ya waiwaya ya gan ta tana share hawaye da bakin mayafi. Ya kashe inji, ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo:

"Madam, ni ba zan iya ba kuma. Abincinka ba shi da laifi. Oga Lukmanu ne ya tara mu, ya ce kowa ya daina kawo fasinja wurinka. Ya ce babanka ya sa masa sharaɗi, sai ka bar ruwa za a ba shi aure."

Innalillahi! Ashe mutumin da take kira ta yi wa kuka, shi ne ya kulle mata ƙofa, ya zagayo yana tambayarta me ya same ta. Ba mutuwar kasuwar ce ta ƙona mata rai ba. Ta yi makonni tana zargin hannunta, tana ɗanɗana miya tana cewa ko ta manta girki ne, shi kuwa yana ji yana cewa ta yi haƙuri.

Ta tura masa: "Thaddeus ya faɗa min. Da ka zo ka ce Baba ya ce kaza, da mun nemi mafita tare. Sai ka zaɓi in ɗauka ni ce na kasa. Ka ci amanata, Lukmanu. Kada ka sake kirana Jiddarka."

Ya kira har wayar ta yi zafi, ba ta ɗauka ba. Washegari sai ga shi a ruga, ba gilashi, ido ya yi ja. Ya roƙi Modibbo a kira ta, ya durƙusa a gabansu.

"Baba, na zo in janye alƙawarin da na yi maka. Ni na hana direbobi zuwa wurinta. Tsoron rasa ta ne ya sa, amma cuta ce, na cuce ta. In ka hana ni ita, ban da ta cewa."

Modibbo ya dube shi ya ce:

"Wato nonon shanuna da ake ta zubarwa a bayan ɗaki, aikinka ne? Kai yaro! Cewa na yi ka lallashe ta, don ruwan nan tsoro yake ba ni. Ban aike ka ka karya mata zuciya a ɓoye ba." Ya juya wurin 'yarsa, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ma da nawa laifin. Maijidda, ke aka cuta, ke za ki yanke."

Ba ta yanke ranar ba, kuma ta kyauta. Ta bar shi ya ji a jikinsa. Sai da ya tara direbobi a gaɓa, a gabanta, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, wasu na ƙunshe dariya. Jirage suka dawo, kuloli suka koma ƙarewa tun kafin la'asar. Duk da haka in ya zo, takan zuba masa abinci ba tare da ta ɗago ba.

Sai da damina ta wuce ta amsa masa saƙo: "Na yafe, don har yanzu ina sonka, haushin da nake ji ke nan. Amma in ka sake yanke min hukunci a bayan idona, ko da sunan so ne, mun rabu. Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure ruga ta cika da motocin 'yan ofis da baburan direbobi. Maijidda na ɗaki cikin lulluɓi, tana jiyo komai ta lasifika. Liman zai fara, Modibbo ya ɗaga hannu.

"Ku shaida, na ba Lukmanu 'yata da sharaɗi ɗaya. Kwalekwalen nan nata ne, ba zai hana ta ruwa ba, a fili ko a ɓoye."

"Na karɓa, Baba," in ji Lukmanu.

"To, Allah ya yi muku albarka. Ya tsare min ita a tudu, ya tsare min ita a ruwa."

Jama'a suka amsa da amin, guɗa ta tashi. Maijidda ta kifa kai a cinyar Inna, ta yi kuka mai isarta.