Malamin Tsallen Kwaɗo

Tun da hantsi Asma'u ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, kunnenta yana ƙofar zaure. Yau ne Baffa Lawal, ƙanen mahaifinta, zai dawo Gwandu daga Zariya, inda aka tura shi binciken saurayinta Abdulgani, ɗan Kalgo, kafin a sa ranar aurensu.

Kakarta Hajjo tana bakin ɗakinta, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, ko salla daga zaune take yi.

"Ke ɗiyar ga, za ki ƙarar muna da tsintsiya!" in ji Hajjo. "Wanga ɗan Kalgo ni ya fara gani, ƙwace min kika yi."

"Kai Hajjo! Lakcara guda a jami'a, me zai yi da mai jan gindi?"

"Ja'ira! Bari na samu sanda."

Suna cikin dariya sai ga sallamar Baffa Lawal. Ko ruwa bai sha ba ya zube gaban yayansa Malam Khalilu, mahaifin Asma'u, yana tafa hannu. Al'adar gidan ce, mai bincike ba ya sanar da zuwansa, sai dai ya faɗo kwatsam ya gani da idonsa.

"Yaya, an yaudare mu! Na ce a nuna min ofishin Malam Abdulgani, sai aka nuna min filin ƙwallo. Na iske shi da gajeren wando, gwiwa waje, usur a baki! Ga manyan mutane, wasu har da furfura, in ya busa su tsuguna, in ya sake busawa su yi tsallen kwaɗo!"

"Subhanallahi! Furfura fa ka ce?"

"Na tambaya, aka ce ɗalibansa ne, wai digiri na biyu suke yi. Digiri na biyu a tsalle, Yaya!"

Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Asma'u.

Washegari Abdulgani ya zo daga Kalgo, don tun daga Zariya ya biyo bayan Baffa da ya ji labari. Ya durƙusa a zaure gaban Malam Khalilu, Asma'u kuwa ta laɓe bayan ƙyaure.

"Baba, abin da Baffa ya gani gaskiya ne," ya ce. "Sashenmu na motsa jiki da kiwon lafiya ne. Ɗaliban nan malaman makarantu ne da ma'aikatan asibiti. Muna karatu a aji, mu fita fili mu gwada."

"To ka bar filin, ka zauna ofis kamar kowane malami," in ji Malam Khalilu.

"In na yi maka wannan alkawari ƙarya zan yi, Baba. Aikina ke nan."

"Gidan nan gidan karatu ne tun kakanni. Ba ni ba ɗan wasa ɗiyata. Lawal, a mayar musu da kayansu!"

Asma'u ta ruga ɗakin Hajjo ta faɗa kan cinyarta tana kuka kamar ranta zai fita. Amma ko da wasa ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Ta ci gaba da kai masa ruwan alwala, tana gaishe shi a durƙushe, sai dai kowa ya ga yadda ta rame.

Da hutun jami'a ya zo, sai gari ya ɗauka cewa malamai da ɗalibai sun sauka a firamaren Kalgo, suna auna hawan jini kyauta suna koya wa tsofaffi motsa gaɓoɓi. Rannan da la'asar wata mata doguwa mai tabarau ta yi sallama a gidan. Ta ce sunanta Dakta Madina, ita ce shugabar sashen su Abdulgani, ta zo ba da baki. Malam Khalilu ya aiko daga zaure cewa ta sha ruwa, amma magana ta ƙare.

Dakta Madina ba ta tafi ba. Idonta na kan Hajjo, wadda ke sallar la'asar a zaune tana sunkuyar da kai. Da ta sallame sai ta matso.

"Hajiya, yaushe rabonki da sujada?"

Sai hawaye suka zubo wa Hajjo. "Ɗiyata, kullum roƙona kada in mutu goshina bai sake taɓa ƙasa ba."

Dakta ta taɓa gwiwoyin, ta lanƙwasa, ta miƙe, ta yi tambayoyi. "Zama ne ya ƙara ɗaure su. Asma'u, kawo min tsohon zane da gero kaɗan."

Ta ƙulle geron a zanen, ta ɗaura a idon sawun Hajjo. "To ɗaga. A hankali. Sauke."

"Wayyo! Ni ma tsallen kwaɗon za ki sa ni? Lawal ya gan ni na shiga uku!"

"Ba tsalle, Hajiya. Ki gasa da ruwan ɗumi, ki ɗaga safe da yamma, sannan ki dafa turmi ki tashi ki zauna. Ban ce lalle za ki warke ba, amma akwai alamar nasara. Abdulgani ne ya tsara wannan don tsofaffi. Shi ya ce in duba ki, ko an ba shi Asma'u ko ba a ba shi ba."

Asma'u ta rako ta har zaure. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Anti, yana lafiya?"

"Ya rame kamar ke. Me zan ce masa?"

"Ki ce ban saɓa wa Baba ba, kuma ban canza ba."

Daga ranar Asma'u ta zama malamar Hajjo. Wata rana tsohuwar ta yi da daɗin rai, wata rana ta jefe ta da mafici tana cewa muguwa ce. Damina ta wuce, aka yanke gero. Hajjo ta fara zagaya tsakar gida da sanda, daga baya ta riƙa mantawa da sandar a ɗaki. Mutane biyu suka aiko neman auren Asma'u, ita kuwa ta roƙi mahaifinta da kuka ya ƙara mata lokaci.

Wata Juma'a, Malam Khalilu ya dawo daga masallaci ya ji ihun Asma'u.

"Baba! Baba, zo ka gani!"

Ya shigo da gudu, babbar rigarsa na harɗe shi. Ya tarar da mahaifiyarsa kife a kan buzu.

"Inna ta faɗi! Ku kama ta!"

"Kar ka taɓa ta, Baba! Sujada take yi!"

Ya tsaya cak. Hajjo ta daɗe goshinta a ƙasa, kafaɗunta na rawa. Ta ɗago, ta dafa ƙasa, ta miƙe tsaye da kanta ta kawo raka'a ta biyu. Malam Khalilu ya zame ya zauna a ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

Da ta sallame ta juyo. "Khalilu, ka kai ni asibiti, ka sayo man zafi, Allah shi yi ma albarka. Amma wanga da ka gani, aikin yaron da ka kira ɗan wasa ne. In wasa ne, ni na gode wa wasan. Tashi ka tafi Kalgo!"

"Yanzu, Inna?"

"Ko in tafi da ƙafata? Ka san yanzu ina iyawa!"

Asma'u ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

A yammacin nan Malam Khalilu da Baffa Lawal suka shiga mota zuwa Kalgo. Malam ya nemi gafarar mahaifin Abdulgani, ya roƙi abu ɗaya: a riƙa sa dogon wando a fili. Abdulgani ya ce ai tun ranar da aka kore shi ya ɗinka guda biyu. Baffa Lawal kuwa ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa shi ma bayansa na damunsa.

Da aka ba shi izinin zance, Abdulgani ya zo ya tsaya a zaure yana ta gyara hularsa.

"Malam, yau ba lacca?" Asma'u ta ce tana wasa da bakin mayafinta.

"Yau ni ne ɗalibi. Ke kika yi aikin, Asma'u."

"Ni dai jira na yi."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, Gwandu da Kalgo suka cika da guɗa.

'Yan'uwana 'yan mata, da Asma'u ta yi wa mahaifinta tsawa ko ta gudu, da ta rasa albarka ta rasa masoyi. Haƙuri da biyayya ne suka haɗa mata duka biyun. Iyayenmu kuma, don Allah kada a yanke wa sana'ar mutum hukunci da kallo ɗaya daga bakin fili. A tsaya a tambayi wanda ta amfana.