Takardun da Na Kife

"Wa ya buɗe min durowar sama?"

Ina tsaye a bakin ƙofar falo, jakar aiki a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafata, ɗayan na riga na cire. Ko'ina a kan kafet guntayen takardu ne, an yanka su sili-sili da almakashi.

"Mama, ki ga sarƙar da muka yi!"

Babbar 'yata ce ta rugo, wadda muke kira Aku saboda bakinta ba ya ajiye magana. Shekarunta shida. Ta rataya doguwar sarƙar takarda a wuya, ƙaninta Soja yana biye da ita da tasa a ka kamar hula. Na sunkuya na kama zobe ɗaya na juya cikinsa.

Rabin kunnen akuya ne. Ni na zana kunnen nan, kwana uku na yi ina gyara shi.

Na ɗago kai na dubi mijina.

"Abban Aku... me ka ba yaran nan?"

Mijina yana kishingiɗe a doguwar kujera, Auta na barci a ƙirjinsa, idonsa a kan ƙwallon da ake bugawa a talabijin. Yayarsa tana gefe tana shan shayi, ta kawo ziyara.

"Sannu da zuwa, rabin raina. Takardu na ba su, na ofis sun ƙare, ga su da rigima. Sai na ga wasu farare a durowarki."

"Farare?"

"Farare tas, wallahi."

"Ka juya su?"

Sai a lokacin ya ɗauke ido daga talabijin.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin durowar nan. A ɗakin ba da magani na wani asibiti nake aiki, daga takwas zuwa huɗu, Asabar ɗaya a wata kuma dole in je. Tsakanin aiki da kai yara makaranta da wanki da goyo, wankan kirki ma sai na yi dabara. Amma ina da abu ɗaya da yake nawa ni kaɗai, shi ne zane. Wata ƙawata mai shagon buga littattafai ta rubuta labarin yara a kan 'yar akuya mai tsoron ruwan sama, ta ce in yi mata hotuna goma sha biyu, sunana zai fito a bango. Wata goma sha ɗaya na yi ina yin su. Minti goma sha biyar a mota a bakin ƙofar makaranta kafin a tashi yara, minti ashirin a bayan kantar magunguna lokacin da abokan aikina suke cin abinci. Ranar Litinin ɗin nan zan miƙa su.

Kullum kife su nake yi a durowa, saboda idan Soja ya hango launi to sai ya taɓa. Shi kuma Abban Aku al'adarsa ce ya kwaso takardun da aka gama da su a ofis, ya miƙa wa yara farin bayan su yi ta ƙazantarsu. A wajensa duk takarda mai farin baya ta yara ce. Ko sau ɗaya bai taɓa duba ɗaya gefen ba.

Ya miƙe zaune, ya ɗauki guntu ɗaya daga ƙasa, ya juya. Na ga yadda ya sha jinin jikinsa.

"Innalillahi... Masoyiyata, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba," na ce. "Abin da ke ƙona min rai ke nan. Wata goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya da kai, ba ka sani ba!"

Yaya ta ajiye kofi a hankali, ta gyara zama.

"Haba, ke kuwa. A kan takarda za ki ɗaga wa mijinki murya a gaban 'ya'yansa? Mutum ya wuni yana yi miki reno, ko sannu babu? Mace da 'ya'ya uku, ina ke ina wasan fensir?"

Dama tun ranar farko ba ta so ni ba. Yadda muka haɗu da ƙaninta ma haushi yake ba ta. Maganin mahaifiyarsu ya zo karɓa a tagarmu, ya ce tsohuwa ba ta karatu, sai na zana mata 'yar rana a kan ambulan ɗin maganin safe, na zana wata da taurari a kan na dare. Sau uku ya dawo a sati ɗaya yana cewa ambulan ya ɓace. A na ukun na ce masa ko dai ya faɗi abin da ke tafe da shi ko ya ba na bayansa wuri. Mai Fensir yake kirana a lokacin. Da Yaya ta ce ba za a kawo musu mai wasan yara cikin dangi ba, shi ne ya tsaya kai da fata har aka yi auren. Ban san ranar da ya daina kirana da sunan nan ba, na dai wayi gari na ji ni Maman Aku.

Aku ta dubi fuskata, ta dubi ta ubanta, ta gane an yi ɓarna.

"Mama, ba laifina ba ne. Ai na ga akuyar, na nuna wa Gwaggo. Ta ce mu yanka kawai, ta ce kin girma da wasa."

'Yan kallo suna ta ihu a talabijin.

Na juya na zuba wa mijina ido. Wallahi a lokacin nan da kalma ɗaya zai iya sayen zuciyata gaba ɗaya. Na jira.

Ya sosa ƙeya.

"Yaya... ai da kin faɗa min."

Shi ke nan abin da ya iya cewa.

Duk da haka Yaya ta miƙe a fusace, wai an ci mutuncinta a gidan ƙaninta, an sa yarinya ta yi mata sharri. Ta ɗauki jaka ta yi waje. Shi kuma ya ɗora min Auta a hannu ya bi ta da sauri yana ba ta haƙuri. Ta taga ina hango shi yana buɗe mata ƙofar mota.

Na durƙusa da yaro a kafaɗa ina tsintar guntaye. Cikin goma sha biyu, biyu ne suka tsira, su ma tawadar alƙalamin Soja ta huda ta ɓullo a fuskar akuyar.

Washegari Lahadi, da safe ya same ni a kicin ina wanke kwalaben madarar Auta. Ya sanyo gajeren wando da rigar ƙwallo, don duk Lahadi yana buga wasa da abokansa, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya je.

"Har yanzu fushi kike, abar ƙaunata?"

Na ci gaba da wanki.

"Ki yi haƙuri mana. Kuskure ne. Ai hannunki yana nan, za ki sake wasu."

"Yaushe?"

"To... a hankali."

Na rufe famfo na juyo.

"Ina takalman ƙwallonka suke zama?"

"A saman kanta. Me ya kawo wannan maganar?"

"Soja ya taɓa taɓa su?"

"Ya isa? Ai ya san..."

Bai ƙarasa ba.

"Ya san na Abba ne," na ƙarasa masa. "Aku ta sani, Yaya ta sani, Auta ma da zai yi magana zai ce ya sani. Ni na koya musu. Ni nake goge su in sun yi laka. Shekara bakwai, Lahadi nawa ka fasa fita saboda ciwon yaro ko gajiyata? Ni kuma abu ɗaya tak na ajiye a gidan nan, ka miƙa wa yara da hannunka don ka kalli wasanka lafiya."

"Yanzu me kike so in yi? In mari yayata?"

"In ce maka me? In har sai na faɗa maka, to ka bar shi."

Ya tsaya jim, ya dubi agogon hannunsa. Na ga duban nan, shi ma ya san na gani.

"Je ka, kada su fara babu kai."

Kuma ya tafi!

Ranar Litinin na kira ƙawata daga bayan kantar magunguna. Ta yi salati, ta yi min jaje kamar an yi mutuwa. Ta ce ta riga ta yi wa makarantu alƙawarin littafin kafin sabon zango, ba za ta iya jiran wata shekarar ba, dole ta ba wani yaron shagonsu ya haɗa hotunan a kwamfuta. Na ce babu komai. Na goge idona da bayan hannu, na koma taga, don wani dattijo yana jiran maganin hawan jini.

Da yamma na biya gidan mahaifiyata ko zan ji sanyi. Ta saurare ni har ƙarshe tana jijjiga Auta.

"Ya dake ki?"

"A'a, Umma."

"Ya hana ki abinci? Yana neman mata?"

"A'a."

"To tashi ki koma ɗakinki tun kafin mutane su ji su yi mana dariya. A kan hoton akuya!"

Na tashi na koma.

Sati biyu muka yi daga ina kwana sai a dawo lafiya. Ba zan yi masa ƙarya ba, abin ya dame shi, har ya rame. Wata Juma'a na dawo daga aiki na tarar da sabon tebur a bakin tagar ɗakinmu, da fitila mai lanƙwasa wuya, da fararen takardu masu kauri, da akwatin fensira masu launi saba'in da biyu. Yana tsaye a gefe yana murmushi kamar ɗalibin da ya ci jarrabawa.

"Ya kika gani, sarauniyata?"

"Ya yi kyau. Na gode. Amma ba takarda na rasa ba, Abban Aku. Lokaci na rasa."

Ya kama hannuwana biyu, idonsa ya ciko.

"Na ji. Wallahi na ji. Daga gobe duk Asabar da safe taki ce. Zan kwashe su duka ukun mu fita, awa uku cur, ko kiranki ba zan yi ba. Ki yafe min... ba na iya barci idan kina fushi da ni."

Zuciya ba ta da kunya. Na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, na kwantar da kaina a kafaɗarsa na yi kukan da na riƙe sati biyu. Na ce a raina, ashe yana nan, mutumin da na aura bai tafi ko'ina ba.

Ya cika alƙawari. Ƙarfe tara na safe ya saɓa Auta, ya ja hannun Soja, Aku tana gaba tana zuba surutu. Ni na haɗa jakar, ni na nemo takalmin Soja a ƙarƙashin gado, amma dai sun fita. Ƙofa ta rufe, gida ya yi shiru irin wanda na manta da shi.

Na zauna a sabon tebur. Na feƙe fensir. Na ɗora bakinsa a kan takarda.

Hannuna ya ƙi tafiya.

Na gwada kunne, ya fito kamar ganye. Na goge. Na sake gwadawa, sai na ji ƙarar almakashi a kunnena, na ajiye fensirin. Na zauna ina kallon farar takarda har wuyana ya ƙage. Can na hango kwandon wanki a bayan ƙofa, na ce bari in ninke kaya biyu kawai hannuna ya saki. Daga nan na share falo. Daga nan na wanke banɗaki, na goge firji, na jera takalman yara. Da na ɗaga kai sha biyu saura minti biyar.

Suka shigo da hayaniya, bakin Soja duk alewa. Na tsaya a ƙofar ɗaki. Na riga na shirya amsar da zan ba shi. Zan ce masa na kasa, zan ce ina tsoron abin ya mutu a hannuna, ya riƙe ni, ya ce mu sake gwadawa sati mai zuwa. Tambaya ɗaya kawai nake jira.

Ya tsaya a tsakiyar falo yana waige-waige, fuskarsa ta washe.

"Kai! Masha Allah! Kin ga yadda gidan nan ya yi fes? Rabon da in gan shi haka tun kafin a haifi Auta. Ashe dama hutu kike buƙata, rabin raina!"

Ya shige ɗaki, ya wuce teburin, ya ajiye mukullin mota a kan farar takardar. Ya zaro waya ya danna.

"Yaya? Eh, lafiya lau. Komai ya wuce, mun shirya. Wallahi ki zo ki ga gidan yau, sai kin yi mamaki..."

Ban yi kuka ba, ban ji ma haushi ba. Son da na yi shekara takwas ina yi wa mutumin nan ne na nema a ƙirjina na rasa, kuma na san ba zai dawo ba. Ba zan bar gidansa ba, ina zan kai 'ya'ya uku, me zan ce ya yi min?

Na jira ya gama wayar, na karɓi Auta daga kafaɗarsa.

"Sannunku da zuwa," na ce. "In zubo maka abinci yanzu, ko sai ka yi wanka?"