Baffa Ya Yafe Ƙafar Bushira

Ruwan damina ya mayar da tsakar gidan taɓo, Bushira kuwa tana zaune a bakin ƙofa tana hangen banɗaki kamar wani gari mai nisa. Ta dafa sandunanta ta miƙe, ba ta yi nisa ba sandar dama ta zame, ta faɗi rub da ciki cikin caɓi, dungulmin ƙafarta ya bugi ƙasa. Wayyo Allah! Ihun da ta yi ya sa mahaifiyarta Yakaka ta yar da muciya ta fito a guje, ta rungume ta da taɓon da komai. "Iya, na gaji... wallahi na gaji!" Yakaka ta share mata fuska da bakin zane tana cewa, "Yi shiru 'yar nan, Allah yana gani," alhali nata hawayen sun fi na 'yar gudu.

Bushira marainiya ce, ubanta ya rasu tun tana goye. Da wankau da kiwon awaki uwar ta kai ta makarantar koyon aikin jinya a Haɗeja. Wata safiya ta hau acaba daga Kirikasamma za ta koma makaranta, sai ga Alhaji Fannami, dillalin tattasai, a cikin motarsa, ya bar hannunsa zai wuce babbar mota, waya manne a kunnensa. Ya kwashe su. Ɗan acaban ya tsira da karaya, ita kuwa sai da likitoci suka yanke mata ƙafar hagu daga gwiwa.

Abin ƙyamar shi ne, tana can asibiti ba ta san inda kanta yake ba, Alhajin ya ɗauki goro da dattawa, da wani Mukhtar wakilin kamfanin inshorar motarsa, suka sauka a zauren Baffa Shu'ibu, wan mahaifinta. Mutumin da ko ƙofar asibitin bai taka ba! Ya gyara zama ya ce, "Haba Alhaji, ai ƙaddara ce. Mun yafe duniya da lahira." Aka shafa fatiha, aka raba goro. Ba a jima ba sai ga sabon injin ban ruwa yana ruri a gonar shinkafarsa ta bakin kogi.

Awakin Yakaka suka tafi ɗaya bayan ɗaya a sayen magani. Da ta rasa abin sayarwa, ta lallaba ofishin kamfanin, Mukhtar ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Baba, maganar nan an rufe ta. Babbanku ya yafe a gaban shaidu. Me kuma kike nema?" Ta fito tana haɗa hanya. A bakin ƙofar ne wata lauya mai suna Amatullahi, wadda ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, ta gan ta tana kuka, ta saurari labarin, ta ce za ta shigar da ƙarar Alhajin da kamfanin gaba ɗaya.

Ranar da Baffa ya ji, ko sallama bai yi ba ya faɗo gidan. "Yakaka! Ni za ki kunyata? Na ce na yafe, ke mace ki ce a'a?"

"Baffan yara, ka duba yarinyar nan, ko sau ɗaya ka dube ta..."

"Me zan duba? Kotu za ta mayar mata da ƙafar ne? Marasa tawakkali kawai!"

Ya hana su ɗan buhun da yake ba su daga gonar marigayi. Mata suka daina shigowa dubiya, a bakin famfo ana cewa uwa da 'ya sun mayar da ƙaddara kasuwa. Bushira tana ji daga ɗaki, sai ta juya fuska ga bango ta ce, "Ya Allah, Kai ne gatana... Ka san ban zalunci kowa ba." Shari'a ta yi ta jan ƙafa, yau an ɗage, gobe lauyan kamfani bai zo ba, kullum sai an ɗauke ta kamar kaya an saka a Keke Napep.

Rannan dai aka kira Baffa shaida. Ya sha babbar riga, ya faɗi yadda ya yafe saboda Allah. Mai shari'a ya sauke tabarau ya ce, "Malam, ƙafar wa aka yanke?" Baffa ya ce ta 'yar ƙaninsa ce. "Ka tambaye ta?" Mai shari'a ya ƙara da cewa, "Ita yarinya ce ƙarama, ko ba ta da hankali?" Baffa ya soma share gumi. Lauya Amatullahi ta miƙe ta tambaye shi ko an ba shi wani abu, ya rantse ko tsinke bai karɓa ba.

Da lauyan kamfanin ya ga yafiyar ta rushe, sai ya juya baki. Ya ce ko da akwai diyya, to Alhaji ne zai biya shi kaɗai, tunda ya je ya yi sulhu ba da sanin kamfani ba. Alhaji Fannami ya zabura! "Ba da saninku ba? Wannan Mukhtar ɗin ba shi ya ce in saya wa tsohon nan inji a kashe maganar ba? Tare muka kai masa har gona!" Kotu ta ɗauki salati. Mukhtar ya sunkuyar da kai.

Mai shari'a ya juya ga Bushira, ya tausasa murya. "'Yata, ke kin yafe?" Tun da abin ya faru, shi ne mutum na farko da ya tambaye ta. Ta fashe da kuka, da ƙyar ta iya cewa, "Ranka ya daɗe, ban yafe ba."

Aka yanke wa Alhaji da kamfanin biyan diyya da duk abin da jinya ta ci, aka miƙa Baffa ga 'yan sanda kan shaidar zur, kamfani ya kori Mukhtar. Bushira ta sami ƙafar roba, ta koma makaranta, matan da suka yi da ita suka dawo suna barka ba kunya.

Bayan an sako Baffa, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinsu, ya rame, ba mai gaishe shi a gari. "Yakaka, ki sa baki yarinyar nan ta yafe mini." Yakaka ta buɗe baki, saura kaɗan ta ce ai ta yafe, sai ta kama kanta. Ta ce, "Ga ta nan, tana da baki."

Bushira ta dube shi, hawaye na zuba. "Baffa, tashi ka tafi gida. Ranar da zuciyata ta yarda, da kaina zan zo in faɗa maka. Amma ba yau ba."